Katin da Na Aika daga Shagamu

Ni mai gyaran rediyo ne a Kazaure, ko in ce na taɓa zama, domin yanzu abin da ake kawo mini bai wuce tocila da fitilar sola da fanka mai caji ba. Kwanan nan ko su ɗin ma ba na iya zama in gyara. In kwance abu in manta inda na zuba kusoshinsa, in fito bakin titi in tsaya kallon masu acaɓa kamar ina jiran wani, in koma ciki, in sake fitowa. Babban ɗana ya tsallaka iyaka ya yi arewa, shi ne abin da ya hana ni zama. Amma ba zan iya ba da labarinsa ba sai na fara da wani kati da na cike da hannuna tun kafin in san zan haife shi.

A Roni na tashi. Mahaifinmu yana da rediyo mai rigar fata wadda ya saya da kuɗin gyaɗa, kuma duk gidan babu mai taɓa ta sai shi. Yakan ba mu labari cewa rediyon farko da ya gani a Kano akwati ce a kafe jikin bango, an jona mata waya, tasha ɗaya tak take kamawa, abin da aka ga dama shi za ka ji. Saboda haka tasa rediyon da ake ratayawa a kafaɗa, a murɗa a ji mutanen wata duniya suna Hausa, ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa. Idan batir ya yi sanyi sai ya jera su a kan katanga su sha rana, ya sa ni gadi kada kaza ta ture. Shi labaran duniya yake saurare da asuba da kuma bayan azahar. Mu samari ba ruwanmu da wanda ya hamɓarar da wane a wata ƙasa, shirin gaisuwa muke jira.

Yaran yanzu ba su san katin gaisuwa ba. Kati ne ake saya wurin wakilin gidan rediyo a Kazaure, ka rubuta sunanka da inda kake da jerin mutanen da kake son gaisarwa, ka ba direban da zai shiga birni ko ka jefa a gidan waya. Bayan mako biyu ko uku sai ka ji mai gabatarwa ya rangaɗa sunanka duniya tana ji. Kuma akwai al'ada: ba a rubuta suna tsirara, sai an ɗaura masa jela ta sana'a da gari. Wane mai shayi a tashar Fatakwal. Wane direban tirela a Legas. Wane mai shagon yadi a Jos. Mu da muke Roni ba mu da jelar da za mu ɗaura sai "ɗan gidan wane", kuma a kunnenmu mai gabatarwa da sauri yake wuce namu, kamar yana jin kunya a madadinmu.

Sunayen garuruwan nan su suka shiga jinina. Ina noma ina maimaita su. Idan na hau kan dutse na hango hanyar Kazaure sai ƙafata ta riƙa ƙaiƙayi, in ji duk duniya tana can tana ci gaba an bar ni da fartanya. Ina da shekara ashirin da ɗaya, da aka gama girbi, na bi wata motar fatake zuwa Shagamu da sunan ci-rani.

Abin da na tarar dako ne. Huhun goro a ka daga mota zuwa rumfa, daga rumfa zuwa mota, wuya ya sage, ga ruwan sama wanda ba ya jin a bari. Wani mai shago Bakano ya yarda in riƙa shimfiɗa kwali a barandarsa in zame masa kamar mai gadi. Na yi zazzaɓin da har na yi wa kaina addu'ar cikawa da imani. Da na warke sai na gano cewa a nan ma ana sayar da katin, har da ƙungiyar masu sauraro. Na saya, na ari biro, na rubuta sunana. Da na zo wurin sana'a sai hannuna ya tsaya. Na ɗaga kai, ga shagon da nake kwana a ƙofarsa cike da huhuna har rufi. Sai na rubuta: mai shagon goro, layin 'yan goro, Shagamu.

Ba ni kaɗai ba ne, kuma ba na faɗar haka don in wanke kaina. Wanda yake kwana kusa da ni wankin manyan motoci yake yi, amma a rediyo direba ne. Wani mai tura kura, a rediyo dillalin shanu ne. Idan aka karanta sai mu fashe da dariya, mu riƙa ce wa juna ranka ya daɗe. A tsakaninmu wasa ne wanda kowa ya san kansa. Abin da ba mu tsaya muka tuna ba shi ne can gida babu wanda ya san wasa ne.

A jerin waɗanda na gaisar akwai Baba, akwai Inna, akwai ƙanena, autanmu. Shekarunsa goma sha bakwai a lokacin, yana makarantar sakandare a Kazaure, dogo, mai kaifin kai, mai surutu. Yakan riƙe totuwar masara a baki yana kwaikwayon masu karanta labarai har Inna ta yi dariya ta share hawaye. Daga baya aka ba ni labari cewa ranar da aka karanta katina yana hutu a gida. Baba ya shiga masallaci ya bar rediyo a kan tabarma, sai Auta ya sure ta a guje ya kai wa Inna madafa, karo na farko da wani ya taɓa rediyon nan ba a zane shi ba. Mai gabatarwa ma ya ƙara gishiri, ya ce Allah ya ƙara buɗi ga alhajin gobe. Mata suka riƙa shigowa yi wa Inna barka.

Ni ban san da wannan ba, amma na san daɗin da na ji, sai na ci gaba da aikawa. Bayan wasu watanni Bakanon ya sayar da shagon, sabon mai shi ya ce ba ya son mai kwana a ƙofa. Na tattara na wuce Legas, na koma dakon kwandunan tumatir a kasuwar kayan gwari. A nan ne na yi kuskuren da har gobe ba na yafe wa kaina. Jelar nan ta riga ta manne da sunana, masu sauraro da ita suka san ni, har wasu sukan gaishe da mai shagon goro na Shagamu a nasu katin. In canza ta kamar in tona wa kaina asiri ne. Saboda haka ina Legas ina rubuta Shagamu.

Da aka yi hutun makaranta Auta ya sayar da tunkiyar da Inna take kiwata masa, ya ce zai je ya taya Yaya tsaron shago ya dawo kafin a koma. Inna ba ta ga abin hanawa ba, wurin yayansa zai je, ga adireshi rediyo tana faɗa kusan kowane mako. Har ta ƙulla masa yaji da kuka ya kawo mini.

Sai da damina ta faɗi na dawo gida. Na yi sallama, Inna ta fito daga ɗaki da fara'a. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona kai tsaye ba. Ranar ma ba ni ta kalla ba, bayana ta riƙa leƙawa.

"Ina ƙanen naka? Ya tsaya gaisawa a waje ne?"

Na ce, "Wane ƙanen, Inna?"

Ta dube ni sosai, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba, sannan ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Wata biyar ke nan da tafiyarsa. Su suna zaton kasuwa ce ta yi daɗi ya ƙi dawowa makaranta, har Baba yana ta faɗa cewa na lalata wa yaro karatu.

Kwana biyu na yi na juya. A Shagamu na sami waɗanda suka tuna shi, wani dogon yaro da jaka yana bin layi yana tambayar shagon yayansa. Suka ce sun yi dariya, suka ce masa ai yayan nasa ɗan dako ne, kuma ya daɗe da barin gari. Kwana uku ya yi a masallacin kasuwa. Wani ya ce masa ya ji na yi Legas, sai ya hau mota. Daga nan babu wanda ya ƙara ganinsa. A Legas na bi asibitoci, na bi masallatai, na bi duk inda Hausawa suke taruwa, na dawo na sake komawa. Muka ba da cigiya a rediyo sau da yawa, wannan karon da sunana tsirara. Ya yi ɓatan dabo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwana ukun nan da ya yi a masallaci ya riga ya san yayansa maƙaryaci ne, amma duk da haka ya ci gaba da nemana.

Baba bai yi mini faɗa ba. Wata rana dai muna zaune ya ce, "Shagon fa?" Na ce gobara ta cinye shi, shi ya sa na koma Legas. Ya ce Allah ya mayar da alheri. Da wannan ya rasu.

Inna ta gaji rediyon. Ba ta damu da labarai ba, shirin gaisuwa kawai take bi daga tasha zuwa tasha, ko Allah zai sa yaron ya aiko kati. Rediyon ta tsufa, yau ta yi shiru gobe ta yi shiru, kuma duk ranar da ta mutu Inna ba ta cin abinci. Na gaji da kai ta Kazaure wurin mai gyara, sai na zauna a gabansa na koya. Haka na sami sana'a. A gabana zamani ya riƙa juyawa. Rediyo mai kaset ta zo ta wuce, tashoshi na kusa suka yawaita, waya ta shigo aka fara bugawa kai tsaye ana gaisuwa, kati ya mutu ba a ko yi masa zaman makoki ba. Inna ta koma sauraren muryoyin masu bugo waya. Tana nan da ranta a gidana, idonta ya yi rauni amma kunnenta ras.

To ga ɗana. Ya gama karatun difloma, ya nemi aiki har takalminsa ya cinye. Na ce ya zo rumfata mu riƙa gyara tare, ya dubi gawarwakin rediyon da na tara ya yi murmushi, don yana da ladabi. Ya koyi gyaran waya, ya iya kuwa, amma a Kazaure yanzu duk inda ka juya akwai saurayi da tebur da ƙaramin sukundireba yana jiran wayar wani ta faɗi. Sai ya zamana daga safe har yamma kansa a sunkuye, babban yatsa yana ta shafa gilashi. Ina yi masa magana yana cewa na'am ba tare da ya ji ni ba. Na san wannan zaman. Jikinsa yana tsakar gida, shi kuwa ya daɗe da tafiya.

Yana da aboki ɗan garin Gwiwa da suka yi makaranta tare, wanda ya bi ta Agadas ya tsallaka hamada. Kullum yana sako hotuna da bidiyo: ga shi jingine da farar mota, ga shi cikin jaket a gaban dogon bene, ga shi da faranti cike da nama. Ran nan ɗana ya same ni bayan la'asar, ya durƙusa, ya ce yana neman izini zai bi shi.

Na yi abin da na iya, wato faɗa. Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Na ƙwace wayarsa na kulle a akwatin kayan aikina, ni da wayona, na manta cewa mai gyaran waya na ƙwace wa waya. Washegari na gan shi da wata da ya harhaɗa daga tarkace. Na yi mako ba na iya zama wuri ɗaya, na san akwai abu guda da ya rage mini, kuma ba na son taɓa shi.

Ranar wata Asabar da hantsi na rufe rumfa, na ce ya hau bayan mashin. Muka fita gari ta hanyar Roni, na tsaya a gindin wata tsamiya kusa da duwatsu. A nan na faɗa masa komai, tun daga barandar Bakano har zuwa gobarar da ba a yi ba. Shi ne mutum na farko da ya ji wannan daga bakina cikin shekara talatin da wani abu. Ina magana ina kallon ƙasa. Da na gama na ce, "Motar da abokinka yake jingina da ita irin shagona ce. Ka ji abin da ya sa ba na son ka tafi."

Na ga ya share ido da bakin rigarsa.

Ya ce, "Inna ta sani?"

Na ce a'a.

"Kada ka faɗa mata, Baba." Sannan ya ce, "Amma ai na san motar ba tasa ba ce."

Na ɗago kai.

"Leburanci yake yi a wurin gini. Motar ta mai ginin ce. Jaket ɗin ma su huɗu suke karɓa-karɓa, duk ka duba hotunansu za ka gan ta. Kowa ya sani, har tsokanarsa muke yi."

Na ce, "To in ka sani, me za ka je yi?"

Ya ce, "Baba, a nan me nake yi? Shi ko ba komai in gari ya waye yana da inda za shi. Ni in na tashi da safe ban san dalilin da zai sa in sa takalmi ba."

Na ɗauka sirrin da na daɗe ina dako zai tare masa hanya kamar dutse, ashe shi ƙaryar ba ta ruɗe shi ba balle gaskiya ta tsayar da shi. Ƙanena ya tafi ne don ya yarda da abin da ya ji. Waɗannan suna gani, sun san ƙarya ce, suna dariya, kuma suna tafiya. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na kuma ji kunya da na tona kaina a banza.

Abu ɗaya na samu daga gare shi. Na ce ya saka wa duniya duk hoton da ya ga dama, ba ruwana, amma ni ya riƙa aiko mini saƙon murya yana faɗa mini gaskiyar halin da yake ciki, komai muninta, da ainihin garin da yake. Ya yi mini alkawari.

Da ya shiga yi wa Inna sallama sai ta juya fuskarta bango. Ta ce, "Ni na daina sallamar kowa. Allah ya tsare." Ni na kai shi Babura a kan mashin. Ya canji sefa, kuɗin tsallaken iyaka, a bakin tasha, ya sayi ruwa da dabino, ya shiga motar Magarya ya zauna a tsakiya inda ba na iya ganinsa sosai. Na tsaya har motar ta cika, na tsaya har ta tashi, sannan na rasa abin da zan yi da kaina, na yi ta zagaya kasuwar hatsi ina taya masarar da ba zan saya ba.

Ya cika alkawari, kuma ban san abin da na roƙa ba sai da na fara samu. Ƙannensa suna nuna mini hotonsa a gaban bene yana dariya, har da jaket ɗin nan. Ni kuma in shiga rumfa in kara waya a kunne in ji ɗayan labarin, na gaskiya. Daga Damagaram ya yi magana, daga Agadas ya yi magana. Ya yi shiru na kwanaki, sannan ya faɗa mini yadda aka tsallaka hamada, abin da ba zan rubuta a nan ba. Ya ce su tara suke kwana a ginin da ba a gama ba, babu ƙofa, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Ya ce siminti ya sa masa tari. Ya ce ana kamen baƙi, in an ji motsi sai kowa ya haye sama ya kwanta. Mutane suna tare ni a hanya suna cewa sun ga yaro ya samu wuri, in ce alhamdu lillahi.

Saƙonsa na ƙarshe gajere ne. Muryarsa ta dushe, yana tsayawa yana tari. Ya ce aikin ya tsaya, abokin nasa ya yi gaba ya bar shi. Sannan ya ce, "Baba, ina so in dawo. Amma in na dawo haka hannu Rabbana, bayan duk hotunan nan, me za a ce?"

Na san nauyin wannan tambayar fiye da kowa a garin nan. Ban tsaya tunani ba, na danna na yi magana. Na ce ya dawo ko da rigar jikinsa ce kaɗai. Na ce ni zan je Babura in tarbe shi, kuma duk wanda ya tambaya zan ce ni na kira shi saboda jikina ya ƙi, in ya so a ce uban ne ya hana ɗa arziki. Na ce babu wanda zai yi masa dariya ina raye. Na aika.

Ƙanwarsa ta duba mini. Ta ce idan saƙo ya isa wayar mutum alama biyu take fitowa a gefensa, idan ɗaya ce to yana kan hanya, wayar a kashe take ko babu sabis. Ta ce kada in damu, haka yake yi wani lokaci.

Yau kwana goma sha ɗaya. Ɗazu kafin in zauna rubuta wannan na sake dubawa, alama ɗaya ce. Bai ji na ce ya dawo ba.